Ina zaɓen Oud a Cakewalk, modul yana ba ni Banjo

Mai Fiyano na Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu aikin sitidiyo. Ina neman wanda zai fahimtar da ni yadda ake zaɓen murya a modul, wato akwatin da ke fitar da muryoyin kayan kiɗa, daga cikin kwamfuta, don abin ya tsaye mini kuma aikin mutane ne a hannuna.

Ga yadda kayana suke. Ina da ɗan ɗakin ɗaukar waƙa a Bagalam, nan cikin Maradi. Yawancin aikina waƙoƙin biki ne da tallace-tallacen ƴan kasuwa da ake kai wa gidajen rediyo. Da fiyano Yamaha PSR nake haɗa kiɗa, in kwashe fayil ɗin MIDI in zuba a kwamfuta, in gyara shi a manhajar Cakewalk. Kwanan baya wani abokina mai zuwa Kano sarin kaya ya kawo mini modul Roland SC-88 na gwanjo. Na haɗa shi da kwamfuta da wayar nan mai kai ɗaya USB, ɗaya ɓangaren kawuna biyu masu haƙora biyar-biyar, na cusa a MIDI IN A. Sauti yana fita tas, ba ni da matsala ta nan.

Da nake daddanna maɓallan gaban akwatin sai na faɗa kan wata murya mai suna Oud. Wallahi tun da na fara sana'ar nan ban ji muryar tsirkiya da ta kwanta mini kamarta ba. Ina da waƙar wata amarya da za a kai Tibiri, buɗinta a hankali yake tafiya, kuma da na ɗora wannan murya a kai sai waƙar ta zauna daram. Allon akwatin ya nuna mini lamba 106, da wata lamba 024 a matsayin reshenta.

To a Cakewalk na buɗe sabon layi, na ba shi tasha ta 5, na rubuta 106 a gurbin murya. Akwatin ya ba ni Shamisen, wani molon Japan. Na rage zuwa 105, ya ba ni Banjo. Na rubuta 24 a gurbin banki, har yanzu Banjo. In na sa hannu na juya shi zuwa Oud a jikin akwatin, yana zama, amma ina danna kunnawa a kwamfuta sai allon ya yi tsalle ya koma Banjo.

Na biyu, layukan da suka zo daga PSR ba sa jin magana ko kaɗan. Layin jita na sa mishi wata murya daban, ana fara waƙar sai ta bayyana na ɗan ƙiftawar ido, sannan ta koma jitar da na yi amfani da ita tun a kan fiyano.

Na uku, an ce mini akwai muryar kalangu a cikin wannan akwati. Tasha ta 10 kuwa gangunan Turawa kawai take ba ni.

Shin akwatin ne ya samu matsala tun kafin ya zo hannuna, ko wayar ce, ko akwai wani saiti da ban sani ba? Ba na so in riƙa saita muryoyi goma sha wani abu da hannu duk sanda wuta ta ɗauke ta dawo. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Injiniya na Unguwar Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, akwatinka lafiya lau yake. Duk abin da ka lissafa, yana yin abin da kwamfuta ta umarce shi ne. Tun da sauti yana fita kuma allo yana canzawa in ka kunna, to waya ma tana isar da saƙo.

Bari in faro maka daga tushe. Wayar MIDI ba ta ɗaukar sauti, umarni kawai take ɗauka: danna wannan maɓalli, sake shi, canza murya. An fito da tsarin a 1983, Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi mai kamfanin Roland su ne kan gaba wajen haɗa shi. A wancan lokaci saƙon canza murya lamba ɗaya yake ɗauka, daga 0 zuwa 127, wato murya 128 ke nan, kuma sun ishi kayan zamanin. A nan amsar Shamisen ɗinka take. Cikin waya ƙidaya daga 0 take farawa, allon Roland kuwa daga 1 yake farawa. Cakewalk yana bin ƙidayar waya. Don haka abin da akwati ya kira 106, a Cakewalk 105 ne. Kullum ka cire ɗaya.

A 1991 aka yi yarjejeniyar General MIDI, GM a taƙaice, aka tsayar da cewa lamba 1 fiyano ce a kowane akwati, 25 jitar nailan, 57 ƙaho, 106 Banjo, kuma tasha ta 10 ta ganguna ce. Amma kamfanoni suna da muryoyin da suka wuce 128 nesa ba kusa ba. SC-88 ɗinka, wanda ya fito a 1994, yana da murya sama da 600. Ta yaya za a kai ga sauran? Da saƙon banki. Shi kuma gida biyu ne, saƙonnin sarrafawa da ake kira CC0 da CC32, kowanne daga 0 zuwa 127. Saboda haka zaɓen murya ɗaya saƙo uku ne a jere: CC0, sannan CC32, sannan lambar murya. Biyun farko ba sa canza komai su kaɗai. Kamar ka danna lambobi ne a wayar salula, kira ba ya tafiya sai ka danna koren maɓalli, kuma lambar murya ita ce koren maɓallin. In ta riga su tafiya, sun tashi a banza har sai wata ta sake zuwa.

Inda mutane da yawa ke rikicewa shi ne Roland da Yamaha ba su yi amfani da gidajen nan biyu iri ɗaya ba. A tsarin Roland, wanda suke kira GS, reshen murya a CC0 yake. Wannan 024 da ka gani a allo, CC0 ne. CC32 kuma a SC-88 aikinsa zaɓen taswira, wato jerin muryoyi: 1 na nufin muryoyin tsohon SC-55, 2 na nufin na SC-88 kansa. A tsarin Yamaha kuwa, XG, wanda ya zo a 1994, CC0 yana zama 0 ga muryoyin yau da kullum, reshe kuma a CC32 yake, ganguna kuma CC0 ɗinsu 127 ne. Ka ga sun juya wa juna baya.

Yanzu Cakewalk. Gurbin banki guda ɗaya ya ba ka, alhali lambobi biyu ake bukata, sai ya haɗe su da lissafi: CC0 sau 128, a tara da CC32. Da ka rubuta 24, abin da ya fita a waya shi ne CC0 sifili, CC32 kuma 24, wato ka nemi taswira ta 24 wadda babu ita. Lissafin Oud shi ne 24 sau 128, ya ba da 3072, a tara 2, ya zama 3074. Ka rubuta banki 3074, murya 105. Ka tabbata hanyar aika banki tana kan Normal, don ita ce mai aika gidajen biyu. In Mandolin kake so a layin jita, tana reshe na 16 a ƙarƙashin lamba 26, ka yi lissafin da kanka ka gani, 2050 da 25 za ka samu.

Amma ina da yaƙinin ko ka rubuta 3074 yanzu, Banjo za ka ci gaba da ji, kuma ga dalili. Fayilolin da ke fitowa daga fiyanon Yamaha sukan zo da saƙon kunna GM a farkonsu, sannan na kunna XG ya biyo baya. Akwatin Roland in ya karɓi saƙon kunna GM, yana rufe kunnensa daga saƙon banki gaba ɗaya, ya tsaya kan muryoyi 128 na asali. Da gangan aka yi shi haka don waƙoƙin GM su fita daidai. Banjo ita ce uwar gidan lamba 106, shi ya sa kullum ita ke fitowa. Abin da ke sake buɗe kunnen shi ne saƙon GS Reset.

Ka buɗe tagar Sysx a Cakewalk, inda ake ajiye saƙonnin saiti na musamman, ka duba. Wanda ya fara da F0 7E, shi ne na GM, cikakkensa F0 7E 7F 09 01 F7. Wanda ya fara da F0 43 na Yamaha ne, ba na akwatinka ba. Ka cire su duka ka sa wannan a madadinsu, ka rubuta shi harafi da harafi:

F0 41 10 42 12 40 00 7F 00 41 F7

Wannan 41 na farko lambar kamfanin Roland ce. 10 da ke biye lambar akwatin ce, wadda allonsa ke nunawa a matsayin 17, kuma in tsohon mai shi ya taɓa canza ta, saƙon zai wuce bai karɓa ba, sai ka maida ta 17.

Wani abu a gefe, tun da na gwanjo ne. Ka leƙa takardar da ke manne a bayansa. Waɗanda aka yi wa kasuwar Japan 100 bolt suke ci, wutarmu kuwa 220 ce. In naka irin wannan ne kuma da taransifoma aka haɗo maka shi, kada yaron shago ya taɓa cusa shi kai tsaye a bango.

Ƴar Ali Ɗan Tsoho ta amsa:

Baba Injiniya ya gama magana kan banki, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai zan ɗora kan tambayarka ta biyu, Yaya, don kullum da fayilolin PSR nake aiki, na masu waƙar da ke kawo mini gyara.

Abin da ka rubuta a gurbin murya na layi, sau ɗaya Cakewalk ke aika shi, lokacin da ka danna kunnawa. Amma cikin layin kansa akwai saƙonnin da fiyano ta binne tun sanda ka ɗauki kiɗan, ɗan gaba kaɗan da farkon waƙa. Naka ya fita, nata ya biyo baya ya shafe shi. Shi ne wannan ƙiftawar idon da kake gani. Ba za ka gan su a tagar da kake gyara sautuka ba, sai ka zaɓi layin ka buɗe Event List, inda ake jero kowane saƙo da lokacinsa. Ka goge duk na canza murya da na banki da ke saman jerin. Ka duba har ƙasa, don in ka taɓa canza murya a tsakiyar waƙa kana kan fiyano, yana nan a kwance.

Shawarata kuma, kada ka fara kiɗa a gaɓar farko. Ka tura waƙar gaba, ka bar bugu huɗun farko fanko don saiti kawai. GS Reset a bugu na ɗaya shi kaɗai, domin akwatin yana bukatar kamar kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa kafin ya dawo hayyacinsa, kuma duk abin da ya shigo a wannan tsakani yana iya ɓacewa. A bugu na biyu ka sa banki da murya na kowace tasha. A na uku ƙarfin sauti, CC7, da gefen da za ta fito, CC10, da amsa-kuwwa, CC91. Wayar MIDI a hankali take tafiya, saƙo ɗaya bayan ɗaya, bit 31,250 a daƙiƙa. Zaɓen murya kaɗai na tasha 16 yana cin wajen kashi 40 cikin dubu na daƙiƙa, kuma in ka cunkusa shi tare da bugun farko na ganga kunne zai ji kiɗan ya yi tuntuɓe.

In ka yi haka, maganar wuta ta ƙare. Ta ɗauke ta dawo, ka kunna daga farko, akwatin ya shirya kansa.

Sannan ka nemi fayil mai ƙarshen .ins na SC-88, mai ɗauke da sunayen muryoyinsa, ka shigar a wurin saitin kayan kiɗa na Cakewalk, ka ɗaura shi a kan tashoshin wayarka. Daga nan sunaye za ka riƙa gani, ka zaɓi Oud da sunanta. Duk da haka ka riƙe lissafin Baba, zai yi maka rana a sitidiyon wani.

Mai Fiyano na Bagalam ya sake rubutawa:

Baba, Allah ya ja kwana. Ƙanwata, Allah ya yi albarka. Na zauna da bayananku bayan sallar isha'i na bi su ɗaya bayan ɗaya.

A tagar Sysx na tarar da su kamar yadda Baba ya faɗa, na F0 7E a sama, na F0 43 a ƙarƙashinsa, har da wasu dogaye masu farawa da 43 ɗin. Na cire su, na rubuta na Roland, na aika. Allon akwatin ya ɗan motsa, duk tashoshi suka koma fiyano ban da ta 10. Na rubuta 3074 da 105 a layi na, na danna kunnawa, sai ga Oud a rubuce a allo, kuma ta tsaya. Na kashe akwatin na kunna don in gwada, na sake kunna waƙar daga farko, ta dawo da kanta. Na daɗe ina maimaita buɗin waƙar nan ina saurare.

A Event List na layin jita kuwa na ga saƙon canza murya da banki 112. A layin ganguna na ga banki 16256. Da na raba shi da 128 sai ya ba ni 127 cif, wato CC0 na gangunan Yamaha da Baba ya ambata. Ganin wannan ya sa lissafin ya zauna mini a kai fiye da komai. Na goge su, layukan suka fara bin abin da na rubuta.

Ni a ganina wannan ilimi ya kamata a ce duk yaron da ke koyon aiki a sitidiyo ya san shi kafin a bar shi ya taɓa waƙar mutane. Na san masu sana'a a garin nan da suka jingine modul mai kyau a lungu yana shan ƙura, suna cewa ya lalace, kuma ina kyautata zaton irin wannan ce ta same su. Gobe zan leƙa wurin ɗaya daga cikinsu da lambobin nan a takarda.

Saura kalangu. Har yanzu ban kai gare shi ba.

Ɗan Makaɗa daga Tibiri ya amsa:

Sannu da ƙoƙari maigida. Ni gidanmu gidan kiɗa ne, na tashi ina riƙe wa mahaifina kalangu a wurin mahauta da wurin biki, daga baya na shiga aikin kwamfuta. Don haka wanga tambaya tawa ce.

A tasha ta 10 lambar murya ba murya ɗaya take zaɓa ba, tarin ganguna take zaɓa, kowane maɓalli da tasa gangar. A Roland 1 shi ne na yau da kullum, 26 na injin ganga TR-808, 33 na jaz, 49 na babbar ƙungiyar makaɗa. Wanda kake nema shi ne 50, sunansa Ethnic, kuma a taswirar SC-88 kaɗai yake, babu shi a ta SC-55. A Cakewalk ka sa banki 2, murya 49. Ka bi maɓallai ɗaya-ɗaya, za ka wuce gangunan Japan da tabla na Indiya, sannan ka iske biyu da suka kira Talking Drum, ɗaya a miƙe, ɗaya mai lanƙwasa, djembe na kusa da su.

Amma in gaya maka gaskiya tun kafin ka sa rai. Bugu biyu ne aka ɗauka aka ajiye. Kalangu kuwa a hammata yake magana. Makaɗi yana matse igiyoyi fata ta ɗaure sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, kuma hawa da saukar suna bin karin maganar Hausa ne, shi ya sa mai saurare ke jin kirarin da ake yi mishi ba tare da an buɗe baki ba. Bugun da aka daskarar ba ya iya wannan. Zai yi maka ado a bayan kiɗa, amma ba zai kira sunan ango ba.

In dole sai daga akwati, ga abin da nake yi. Ina barin tasha ta 10, in ɗauki tasha ta daban in sa mata Melodic Tom, lamba 118 a allo, 117 a Cakewalk. Sannan in faɗaɗa lanƙwasar sauti, don a yadda take zuwa tazarar maɓalli 2 kawai take kaiwa, har da baƙaƙen. Ana aika CC101 sifili, CC100 sifili, sannan CC6 da yawan maɓallan da kake so. Ni 5 zuwa 7 nake sawa, in ya wuce haka sai ya daina kama da fata. Ka sa su a gaɓar saitin nan da aka gaya maka, bayan GS Reset, don shi yana maida lanƙwasar 2. Daga nan ka buga da hannun dama, hagu yana kan keken lanƙwasa na fiyano, kana faɗin kirarin a bakinka kana bin sa. Kada ka zana lanƙwasar da linzamin kwamfuta, a miƙe take fita ba rai.

Haka algaita. Mafi kusa da ita Shanai ce, lamba 112, ta fi Oboe ta 69 kaifi. Sai dai mai algaita ba ya yanke numfashi, yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, don haka in za ka kwaikwaye shi kada ka bar rata tsakanin sautuka, kowane ya shiga cikin na gabansa.

Tun da Tibiri za a kawo waƙar, ka san kunnuwan da za su saurare ta sun san kalangu tun suna goye. Ni da kai ne, Oud da jita da bas su fito daga akwati, kalangu kuma a kira mai shi a sa mishi makirfo. Ƙanena yana bugawa, kuma yana shigowa Maradi duk ranar kasuwa. In kana so ka yi mini magana ta akwatin saƙo in haɗa ku.

Mai Fiyano na Bagalam ya amsa:

Na gode ɗan'uwa, na samu Ethnic ɗin a banki 2, murya 49, na kuma ji bugun biyu da ka faɗa. Maganarka gaskiya ce, ado ne kawai. Zan bar mai lanƙwasar a can ƙasa cikin amshi, kirarin ango kuma ƙanenka ya zo ya buga shi da hannunsa. Na tura maka saƙo.

Baba, tambaya ɗaya ta rage. Akwatin yana da MIDI IN B, kuma na ga allon yana nuna sassa har B16. Waƙar tallan da ke gabana ta cinye tasha 16 ɗin nan. Wayar da nake da ita za ta iya kai wa ga sauran?

Tsohon Injiniya na Unguwar Zariya ya amsa:

Ba za ta iya ba ƙanena. Waya ɗaya tasha 16 take ɗauka, iyakarta ke nan. SC-88 yana da sassa 32, A01 zuwa A16 ta ƙofar A, B01 zuwa B16 ta ƙofar B. Sai ka samu waya ta biyu, ko ƙaramin akwatin MIDI mai mafita biyu, ka cusa ta biyun a IN B. A Cakewalk za ta bayyana a matsayin mafita ta daban, sai ka tura layukan da suka ƙaru can, ka sake ƙirga tasha daga 1, ka kuma ɗaura mata fayil ɗin .ins kamar ta farko. Ka tuna sauti 64 ne kawai akwatin ke iya fitarwa a lokaci guda, kuma duka sassan 32 ke rabon su, wasu muryoyin ma biyu-biyu suke ci a kowane maɓalli. In ka ji sautuka suna yankewa a inda kiɗa ya yi kauri, ka rage masu dogon ja, musamman gogen Turawa, kafin ka zargi waya.